Battar Malam Ilu

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Malam Ilu a rumfar abinci ya san da abin da zan fara. Za a ajiye masa kwano yana tururi, kowa ya wanke hannu ya yi bismilla, shi kuwa sai ya karkace ya tura hannu aljihun 'yar-ciki. Ya laluba, ya laluba, kamar ba shi ya sa ta da safe ba, sannan ya zaro battar nan tasa ta fata wadda ta yi baƙi ƙirin saboda shan hannu. Ya buɗe, ya ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa, yaji ya zubo a kan abincin mutane. Sai ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ɗaga murya yadda na bencin baya ma zai ji:

"To, alhamdu lillahi. Ya zama na gida."

Sai bayan nan zai kai loma. Ku da kuka san shi, na tabbata yanzu haka muryar tana cikin kunnenku.

Ni Ɗanlami ƙanin matarsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya da Yaya Talatu. Wasa tsakanina da shi halal ne tun ranar da aka kai ta gidansa, don haka yau zan faɗi abin da dukanku kuka sani kuka yi shiru: Yaya Talatu ba ta iya girki ba. Na faɗa! Kada wanda ya harare ni, ni na taso ina cin abin, ku labari kawai kuka ji.

Mace ce da Allah ya ba hannu a komai. Rabin yaran ƙauyenmu a hannunta suka faɗo duniya. Akuyar da ta kusa mutuwa in an kai mata sai ka gan ta tana tsalle a kan katanga. Kitso, saƙar faifai, sasanta mata in sun yi faɗa, duk nata ne. Amma da ta ɗora tukunya sai wannan albarkar ta ɗauki takalmanta ta fita. Tuwonta gudaji ne zalla, sai ka yi ta neman tuwon a tsakaninsu. Miyar kukarta yau gishiri kamar an yi ɓarin buhu, gobe babu ko ƙwaya, kanwa ce kaɗai ba ta fashi. Ranar da za a kai ta ɗakin miji Innarmu ta yi kuka har ta shiɗe. Mata suna ta cewa zafin rabuwa ne, ni kuwa na san tausayin ango take ji.

To kun san yadda ƙauyukanmu na wajen Makoda suke. Gida na jingine da gida, gona na jingine da gona, in ka yi atishawa a tsakar gidanka maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallahu. A irin wannan wuri, rumfar mai abinci ta gwauraye ce da direbobi da baƙi. Magidancin da aka san hannun matarsa, in ya zauna ya ci a kasuwa ba mai cewa komai, an san marmari ne. Amma wanda ake ƙus-ƙus a kan girkin gidansa, in aka gan shi a gaban kwanon mai abinci, kafin ya wanke hannu labari ya kai bakin rijiya: yunwa ta koro shi, matar ta kasa riƙe shi. Kunyar kuma ba a kansa take sauka ba, a kanta take sauka, har 'ya'yanta mata su gaje ta in an zo neman aurensu. Wannan shi ne abin da Malam Ilu ya rantse ba za a yi wa mai ɗakinsa ba muddin yana numfashi.

Tun daga ciyayya ya fara yaƙin. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa ƙofar masallaci, a jera a kan tabarma a ci tare. Kwanon da ya koma ciki fanko, matar gidan ta kwana da farin ciki. Wanda ya koma da saura, ba sai an yi mata bayani ba. Kwanon gidan Malam Ilu kuwa hannaye kewaye shi suke yi. Garba Tela, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi, ya taɓa ɗaga wani gudaji sama ya ce a ba yara su sa a danƙo su kori tsuntsu daga gero. Aka yi dariya. Malam Ilu bai yi ba. Ya jawo kwanon gabansa ya ce:

"Ku yi haƙuri, jama'a, yau rowa nake ji. Wannan ba na rabawa."

Ya cinye shi tas shi kaɗai, yana gumi, ya lashe har gefe, ya ce madalla. Daga ranar kullum rowa yake ji. Kwanon gidansa bai ƙara komawa da ko loma ɗaya ba, amma mutumin ya fara zubewa. Wuya ya fito, hula ta fara juyawa a kansa, wando sai an ƙara masa ƙulli.

Mu kuwa a lokacin muna da al'adarmu. Ranar kasuwa, in an gama ciniki an yi azahar, sai mu haɗu a rumfar Uwani mai abinci, can bayan 'yan hatsi. Ni ne, sai Garba Tela, sai Hashimu direba. Uwani mace ce mai jiki da murya, kuma miyar taushenta in ta buɗe tukunya har 'yan awaki sukan juyo. Wata ranar kasuwa muna cikin ci sai aka yaye labulen buhu, sai ga Malam Ilu tsaye, yana sallama a hankali kamar mai shiga gidan surukai.

Garba ya ajiye loma. "La'ilaha illallahu! Ilu, kai ne? Korar ka aka yi ko gudowa ka yi?"

Bai kula shi ba. Ya zauna ya ce a ba shi tuwon shinkafa miyar taushe, a sa ganda. Da aka ajiye masa kwanon na ga hancinsa yana rawa, wallahi na gani da idona. Kowa a rumfar ya san gobe war haka an gama da Yaya Talatu a bakin rijiya. A nan ne muka fara ganin battar. Ya zaro, ya barbaɗa, ya yi sanarwarsa, sannan ya juyo wurin Garba.

"Garba, kai tela ne. In wani ya yanka yadi, kai ka ɗinka har ka sa maɓalli, ɗinkin wa za a ce?"

"Nawa mana."

"To wanda ya sa hannu a ƙarshe shi ne mai aiki. Wannan yajin mai ɗakina ne, da hannunta ta daka. Uwani ta fara girki, mai ɗaki ta ƙarasa. Abincin gida nake ci, a kasuwa dai na zauna."

Garba ya ɗauki lomarsa ya ci gaba da ci. Maganar kuwa ta zaga ƙauye, kuma dariyar da ta jawo ta fi gulmar ƙarfi. Duk wadda ta ce an ga mijin Talatu a rumfar Uwani, sai wata ta ce ai da girkin matarsa ya je.

Amma jama'a, yajin! Ni na ɗanɗana a ranar, na ɗauka ko a nan ne Allah ya ɓoye wa Yaya baiwarta. Ina! Barkonon ta soya shi har ya ƙone. Kanumfari kamar za a yi wa gari guda maganin haƙori. Ga kimba, ga gishiri, ga wani abu mai ɗaci da har yau ta ƙi faɗa mana sunansa. Wannan abin yake zubawa a kan miyar da ta fi kowace a kasuwar. Sai daga baya na gano dabararsa. A gefe ɗaya na kwano yake barbaɗawa, ya fara ci daga ɗaya gefen, a nutse, yana lumshe ido. In ya iso wurin yajin sai ya gyara zama, ya ja numfashi, ya haɗiye da sauri. Bai taɓa barin gefen nan ba, ko da za a ce ba mai kallonsa.

Sau ɗaya tak a tarihi wani ya roƙi yajin nan da bakinsa. Wani dillalin shanu ne, baƙo, ya ga dattijo ya fito da batta cikin ƙasaita, ya ɗauka wani sirri ne na manya.

"Malam, a ɗan sam mini mana."

Ku zo ku ga fuskar Malam Ilu! Kamar an ce an ba shi kujerar Makka. Ya miƙe tsaye, ya zazzaga wa bawan Allah har shinkafar ta canja launi. Baƙo ya kai loma. Ya tsaya. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Hawaye ya gangaro, ya dubi rufin rumfa kamar mai neman hanyar fita ta sama.

"Malam," ya ce da ƙyar, "wannan na ci ne ko na shafawa?"

"Ka ji hannu ko?" in ji Malam Ilu. "Kuma kada ka wahalar da kanka, ba a sayarwa."

Baƙon ya share ido ya ce, "Alhamdu lillahi."

Uwani ce abin ya fara isa. Mace ce mai ji da tukunyarta, ga shi masu ciniki sun fara tambaya ko me ya samu miyarta har dattijo ke zuwa da gyara daga gida. Wata rana ta yi farfesun ƙafar sa, tun asuba yake kan wuta, ya yi laushi har yana rawa a kwano. Malam Ilu ya zaro batta ke nan sai ta yi wuf ta fizge, ta soke a ƙugun zani.

"Yau sai ka ci girkina yadda Allah ya yi shi, Malam. Na gaji da wannan cin mutunci."

Bai yi faɗa ba. Ya janye hannunsa daga kwano, ya harɗe su a ƙirji, ya zauna. Muka ci namu muka gama, muka sha ruwa, muka sakace haƙori. Farfesunsa ya huce, mai ya daskare a sama, ƙudaje suka fara kawo gaisuwa. Muna jin ƙarar haɗiyar yawunsa daga inda muke. Hashimu ya ce, "Haba Malam, loma ɗaya, wa zai faɗa?" Ya ce shi zai sani. La'asar ta kusa, Uwani ta zo ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Malam Ilu, yunwa za ta kashe ka a rumfata a ce ni ce."

"In ta kashe ni, a rubuta yunwar kasuwa ce. Kada wanda ya ce ta gida ce."

Uwani ta sauke hannu daga ƙugu. Sai ta ɗauki kwanon ta mayar kan wuta, ta kawo masa da zafinsa, ta zaro battar ta ajiye a gefe. Ta ce, "Allah ya ba 'ya'yana miji irinka. Allah kuma ya tsare surukaina da yaji irin wannan." Ya ce amin ga ta farko, ta biyun ya yi kamar bai ji ba.

Wadda ba zan manta ba ita ce ta birni. Shekarar da Hashimu ya sayi sabuwar a-kori-kura, ya ce don murna sai ya kai mu mun ci abinci irin na masu kuɗi. Muka sa kayan sallah, muka cusu a gaba, muka nufi Kano. Can wajen Ungogo ya tsaya a wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, ciki sanyi kamar randa, fankoki na juyawa a sama. Aka kawo soyayyiyar shinkafa da kaza, da cokali mai yatsu da ba wanda ya taɓa a cikinmu. Ina ganin Malam Ilu ya karkace na kama hannun rigarsa.

"Malam, don girman Allah. Nan ba wanda ya san mu. Ba wanda ya san Yaya."

"Ni na san ta," ya ce.

Ya buɗe batta daidai ƙarƙashin fanka. Wayyo! Iska ta ɗauki yajin Yaya Talatu ta raba wa kowa rabonsa, babu son kai. Wani Alhaji mai babbar riga yana magana a waya ya fara atishawa har wayar ta faɗa cikin miya. Wasu 'yan mata a teburin gefe suka bi, sai na bayansu, har mai karɓar baƙi a bakin ƙofa. Malam Ilu kuwa yana zaune yana bin su ɗaya bayan ɗaya: "Yarhamukallahu. Yarhamukillahu. Alhaji, ka ce alhamdu lillahi mana in amsa maka."

Wani ma'aikaci mai farar riga ya taho da gudu, hanci a toshe.

"Sori Baba, ba ma barin a shigo da abincin waje."

"Ɗana, naku ne na waje. Wannan daga gida yake."

Aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka kashe fankoki gaba ɗaya, kowa ya ƙarasa cin abinci cikin gumi yana hararmu. Ni na so ƙasa ta tsage in shige. Hashimu don ya wanke kunya ya sa aka kawo mana askirim a 'yan kwanoni. Sai muka ga hannu ya sake nufar aljihu.

"Malam, a'a!" in ji Hashimu. "Wannan ba abinci ba ne, sanyi ne kawai."

"A kwano yake?"

"E."

"Da cokali ake sha?"

"E, amma..."

"Mace ce ta yi ko namiji, ka sani?"

"Ban sani ba."

"To ni ba na shan abin da ban sani ba sai ya zama na gida."

Ya barbaɗa. Ya shanye tas, fuskarsa ko gezau, sai wata jijiya da ke harbawa a goshinsa. Garba ya ce, "To yaya ka ji?" Ya goge baki ya ce, "Da sauran gyara. Amma daga ɓangarensu."

Haka muka yi ta tafiya, kasuwa bayan kasuwa, har furfura ta kama mu duka. Sai ciwon ciki ya fara taso masa. Da farko ya ce ruwan rijiya ne, daga baya ya ce iska ce, har ranar da ya durƙushe a gona muka ɗauke shi a motar Hashimu zuwa asibiti. Likita ya ce gyambon ciki ne, ya tambaye shi ko yana cin yaji. Ya ce ɗan kaɗan, don albarka. Ni na yi tari, Hashimu ya dubi bango. Likita ya ce daga yau ko ƙamshinsa kada ya ji, in yana son ganin wata damina.

Muka kamo hanyar dawowa har muka hango kukokin garinmu. Sannan Malam Ilu ya ce, "Ɗanlami, in yayarka ta ji yajinta ne, ban yafe maka ba. Hashimu, har kai." Da muka shiga gida ya ce mata likita ya hana shi goro.

Ranar kasuwa ta zagayo, muka zauna a rumfar Uwani, kowa ido a kan aljihunsa. Ya zaro batta, cike kamar kullum, don Yaya takan cika masa tun daren jiya. Ya riƙe ta a saman kwanonsa, murfi a rufe, ya ƙwanƙwasa gindinta, ba abin da ya zubo. Ya ce, "Ya zama na gida," amma a hankali. Sannan ya buɗe murfin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin roƙo a idon mutumin nan ba sai ranar.

"Batta ba ta komawa gida cike," ya ce. "In ta koma cike za ta tambaya. In ta tambaya..."

Bai ƙarasa ba. Na ce a zubar a bayan rumfa mana, wa ya gani? Ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce abin da ta tsaya ta daka da hannunta ba za a ba ƙasa ba. Kun san wanda ya fara turo kwanonsa? Garba Tela. Garban da ya ce a harbi tsuntsu da tuwonta.

"Zuba," ya ce. "Amma wallahi Ilu, ranar lahira in ana ba ka lada sai ka nuna ni, ka ce wannan ma ya sha."

Hashimu ya turo nasa, ni ma na tura nawa ina tsine wa zumunci a zuciya. A ranar na san ina ƙaunar mijin yayata ƙauna ta gaske, kuma a ranar harshena ya fara shan azabar da bai huta ba har bana. Kowace kasuwa shi zai ci miyar Uwani tsantsa, yana lumshe ido daga farkon kwano har ƙarshe, mu kuma muna gefe muna hawaye muna jan majina. Abin haushin ma, yajin ƙara zafi ya yi ta yi. Garba ya taɓa cewa, "Ilu, mai ɗakinka ta canja hannu ne? Wannan ai har kunnena yake fita." Malam Ilu ya kai lomar taushe ya ce, "Ƙwarewa ce."

Daminar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa. Ba cikin ba ne ma, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya tafi a hankali yadda yake shiga rumfar Uwani. Muka daina zuwa rumfar, ba wanda ya ce a daina, ƙafa ce kawai ta ƙi.

Bayan sadakar arba'in Yaya ta aika a kira ni. Na same ta a ɗaki cikin takaba, ta rame, carbi a hannu.

"Ɗanlami, gobe kasuwa ko?"

"E, Yaya."

"Ungo."

Battar ce, cike har wuya. Na ce bari in faranta mata, na fara cewa ai Malam ba abin da yake so a duniya kamar yajin nan. Ta ɗaga hannu.

"Rufe mini baki. Yajin da akuyata ta sunsuna ta wuni tana atishawa? Ka ɗauka ni ba ni da harshe ne?"

Na saki baki. "Yaya, dama kin sani?"

"Tun ina gaban Inna na sani. Na yi ta ƙoƙarin gyarawa, ƙara lalacewa yake yi. Wa kake tsammani ya sa masa battar nan a aljihu? Ina kallon bawan Allah yana ramewa a gabana, yana lashe kwano yana cewa madalla. Na ce, Malam, je ka kasuwa ka ci abinci. Ya ce shi yana da rai ba za a yi da ni a bakin rijiya ba. Sai na daka yaji na ce to tafi da wannan ka barbaɗa, in an tambaye ka ka ce girkina ne. Ya dube ni ya ce, ai girkinki ne."

"Bai taɓa faɗa miki gaskiya ba?"

"Ko sau ɗaya. A ciwon nan na ƙarshe na dama masa kunu, ya yi gudaji kamar kullum. Ina kallo ya tauna kunu, Ɗanlami. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce madalla."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na jira ta share fuska, sannan na ce to maganar likita fa. Ta ce matar Hashimu ta kawo mata ita tun kafin mu sauke shi daga mota sosai.

"To me ya sa ba ki daina cikawa ba?"

"In na daina, da me zai fita? Zama zai yi a gida ya yi ta cin tuwona har ya mutu. Na san ba ya ci, na san ku kuke cinyewa." Ta gyara mayafi. "Shi ya sa na ƙara barkono."

"Yaya!"

"Saboda Garba ne. Ya ɗauka ban ji maganar danƙo ba? Kai da Hashimu ku yafe mini, hanya ce ta biyo da ku." Ta tura mini battar a tafin hannu ta rufe yatsuna a kanta. "Ku je ku ci abinci. Kada ta dawo mini cike."

Washegari bayan azahar muka yaye labulen buhu, mu uku. Uwani ta gan mu, ta zuba tuwon shinkafa miyar taushe, ta sa ganda. Gurbinsa a benci ba wanda ya zauna. Na gaya wa Garba saƙon Yaya game da barkono, ya riƙe kai ya ce, "Shekara da shekaru ashe hukunci ake yi mini!" Ya turo kwanonsa duk da haka. Na zaro batta, na buɗe, na ƙwanƙwasa gindinta. Sai ga wani kwano na huɗu an miƙo ta gefena. Uwani ce, ta zubo wa kanta, ta zauna a kan turmi.

"Zuba mini," ta ce. "Da yawa."

Na zuba wa kowa har batta ta yi fanko. Saura sanarwa, sai na dubi Hashimu. Hashimu ya sunkuyar da kai. Garba ne ya gyara murya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce da wata irin murya da ba tasa ba:

"To, alhamdu lillahi. Ya zama na gida."

Muka ci. Hawaye ya yi ta zuba cikin miya, mu huɗu, ba mai kallon wani. Wani mai wucewa ya leƙo ya ce, "Lafiya, bayin Allah?" Hashimu ya ja majina ya ce masa yaji ne.

Da yamma na mayar wa Yaya battarta. Ta kai kunne ta girgiza, ta ji ba komai a ciki. Ta riƙe ta a ƙirji ta ce, "Madalla."

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya rufa wa mai ɗakinsa asiri tsawon zamansu, Allah ka rufa masa nasa. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba Yaya Talatu haƙurin rashinsa, ka haɗa su a gidan da ba a ɗora tukunya. Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna, in kuma aka ga ya karkace yana laluben aljihu, a yi masa uzuri. Amin.